Yadda Ake Toshe Yoyon Murfin Doron Ƙaramin Jirgin Ruwa da Kula da Lafiyarsa

Ƙaramin jirgin da ake ɗaurewa a bakin Kogin Galma, ko a dam ɗin Shika, ko a tafkin da aka tare a kan Kubanni a Samaru, duk a yankin Zariya, ba kasafai ruwan da yake tafiya a kansa ke kashe shi ba. Abin da ya fi cinye shi shi ne ruwan sama da ke sulalewa ta gefen murfi ya kwanta inda ido ba ya kaiwa, tun daga watan Mayu har zuwa Oktoba, sannan hunturu ya zo ya busar da komai har roba ta tsage, katako ya motse, damina kuma ta dawo ta tarar da hanya a buɗe. Murfin da nake nufi shi ne wanda ke rufe ramin da aka yanka a doron jirgi, ko na gaba inda ake ajiye igiya da anka da raga, ko na baya da ke kan tankin mai da batir, ko kuma mai gilashin roba da ke shigar da haske cikin ɗan ɗakin jirgi. Bayanin ya fi shafar jiragen faiba da na filawud, amma mai kwale-kwalen katako ma zai sami rabonsa a gaba.

Abu guda nake so mai jirgi ya riƙe tun daga farko: shafa silikon a gefen murfi daga waje ba gyara ba ne. Yana iya tsayar da ɗiga na 'yan makonni, amma ruwan da ya riga ya shiga yana nan a kulle, kuma silikon ɗin zai bar wani santsi a jikin faiba wanda zai hana gam na ƙwarai kamawa ranar da aka zo yin aikin gaskiya. Gyaran da ke daɗewa shi ne a cire murfin gaba ɗaya, a tsabtace, a busar, a mayar da shi a kan sabon abin liƙi.

Gano inda ruwan yake shiga

Yoyon jirgi irin na rufin soro ne, inda ruwa ya ɗiga daban, inda ya shiga daban. Saboda haka kada a kwance ko da kusa ɗaya sai an tabbatar da mafarin matsalar. Murfi yana iya yoyo ta wurare huɗu: ta ƙarƙashin firam ɗinsa inda ya zauna a kan doro, ta ramukan kusoshi, ta robar da ke zagaye da bakinsa wadda murfin ke dannawa idan an rufe, ko ta gefen gilashi idan mai gilashi ne. Kowanne da irin gyaransa, kuma canza roba kaɗai bai kai rabin wahalar cire firam ba.

Aikin na mutum biyu ne. A goge cikin ramin ya bushe sarai, ɗaya ya kwanta ko ya leƙa daga ciki da tocila da busasshen tsumma, ɗaya kuma ya tsaya a waje da tiyo ko buta. A fara zuba ruwa a hankali daga wurin da ya fi gangarowa ƙasa, a kan doro kawai, yadda zai taɓa gindin firam ba tare da ya hau kan murfin ba, a dakata minti biyar. Idan babu ɗiga, a matsa zuwa kan kusoshi ɗaya bayan ɗaya, sannan bakin murfi, sannan gilashi a ƙarshe. Wanda ya kwara bokiti guda a kan murfin a lokaci ɗaya zai ga ruwa a ciki, amma ba zai san ta ina ya bi ba. Idan ɗigar ta yi ƙanƙanta har ba a iya bin sawunta, a zana layi da alli ta ciki a zagaye da ramin, domin ruwa zai wanke allin daidai inda ya ratsa.

Ana gwada roba da takarda. A yanko siririyar takarda, a ɗora ta a kan robar, a rufe murfin a kulle, sannan a ja. Idan ta yi gardama kafin ta fito, robar tana dannuwa a wurin. Idan ta zame ba tare da wani riƙo ba, nan ne ƙofar ruwa. A bi duk zagayen da wannan gwaji, musamman kusurwoyi da ɓangaren da ke kusa da hinji. A kuma duba 'yar magudanar da ke zagaye da wasu murafan, domin sau da yawa ƙurar hunturu da ganye da sheƙar gizo-gizo ne suka toshe ta, ruwa ya taru ya haura baki, alhali babu abin da ya lalace.

Lokacin aiki da kayan da za a tanada

Yanayin Zariya yana da ta cewa a wannan aiki fiye da yadda takardar jikin gam za ta nuna, domin ba don yanayinmu aka rubuta ta ba. Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne mafi dacewa da busar da jiƙaƙƙen katako, amma gam na foliyuritan da danshin iska yake ƙamewa, don haka a busasshiyar iskar Janairu yakan ɗauki lokaci fiye da abin da aka rubuta, ƙura kuma tana manne masa kafin ya yi fata. A zafin Maris da Afrilu kuwa, efoksi, wato gam mai ruwa biyu da ake haɗawa kafin a shafa, yakan daskare a cikin kofi kafin a gama shafawa. Shawarata ita ce a cire murfi a cikin hunturu, a bar wurin ya bushe a ƙarƙashin rumfa, a yi aikin liƙi da sassafe a inuwa, a kuma kammala komai kafin ruwan farko.

Kayan aikin ba su da yawa: sukudireba da ta dace da kan kusoshin, sufana, siririyar wuƙar kankare fenti, 'yan guntayen katako da aka fiƙe, sanfefa mai lamba 80 da 120, injin huji, salatif na takarda, tsumma mai tsabta da safar hannu. Yawancinsu ana samu wajen masu kayan gini a kasuwar Sabon Gari. Gam na jirgi shi ne mai wuyar samu, tun da muna nesa da teku, kuma sau da yawa sai an yi saƙo daga Legas ko Fatakwal. Duk inda aka saya, a duba ranar da aka yi shi da ranar ƙarewarsa, a kuma danna jikin kwanson a ji ko bai taurare ba, domin wanda ya daɗe a shago cikin zafi yakan mutu tun ba a buɗe shi ba.

Cire murfi da tsabtace mazauninsa

Kafin a taɓa komai, a ɗauki hoton murfin da waya, a yi alama da fensir a kan salatif don a san gaba da baya. A kwance kusoshin, a jera su bisa tsarin da suka fito, domin tsawonsu yakan bambanta. Kusar da ta cije a ɗiga mata man kwance tsatsa, a ba ta lokaci, a ɗan bubbuga kan sukudireba da guduma. Idan akwai noti a ƙasa, mutum na biyu ya riƙe kan kusar, a juya notin.

A nan ne haƙuri yake da rana. Firam ɗin alminiyam yana lanƙwashewa da sauƙi, wanda ya lanƙwashe kuma ba zai sake kwanciya daidai ba, na roba kuwa tsagewa yake yi. A zura wuƙar kankara tsakanin firam da doro, a yanka tsohon gam kaɗan kaɗan, a cusa fiƙaƙƙen katako a inda ya ɗaga, a ci gaba da zagayawa har ya saki da kansa. Idan gam ɗin mai ƙarfi ne, siririyar waya ko igiyar fatsa mai kauri da aka ɗaura wa sanduna biyu tana yanka shi idan ana ja hagu da dama. Kada a sa ƙarfen banɓare kusa ko babbar sukudireba a yi ɗagi da ita.

Bayan firam ya fita, a toshe ramin da leda ta ciki don kada datti ya zuba, a kankare tsohon gam daga doro da ƙasan firam har sai ba a ganin komai. Idan silikon ne aka taɓa sawa, kankara kaɗai ba ta isa ba, sai an bi da sanfefa. Hanyar gane ko ya fita ita ce a yayyafa ruwa a wurin: idan ruwan ya dunƙule ya zama ɗigo-ɗigo yana gangarawa, santsin yana nan, idan kuma ya baje ya jiƙa wurin, an yi nasara. Daga nan a goge faiba da alminiyam da asiton, wani ruwa mai narkar da maiƙo da saurin bushewa, a tsumma mai tsabta, ana juya tsumman don kada a riƙa yaɗa dattin. Kananzir da fetur suna barin maiƙo, ba su dace da gogewar ƙarshe ba. Asiton da tina kada su taɓa gilashin roba ko firam na roba, domin suna sa su yin hazo da ƙananan tsaga. Waɗannan ruwa da sabulu ne nasu.

Abin da ke ƙarƙashin fata

Wannan mataki shi ne wanda aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi muhimmanci. Doron jiragen faiba da yawa hawa uku ne: faiba a sama, faiba a ƙasa, a tsakiya kuma filawud ko katakon balsa ko soso mai tauri. Duk ramin kusa hanya ce zuwa wannan tsakiyar. A ɗauki ƙotar sukudireba a bubbuga doro a zagaye da ramin. Wuri mai lafiya yana ba da ƙara mai kaifi, wurin da ya ruɓe ko ya rabu da fatarsa kuma ƙararsa a dushe take, wani lokaci har a ji ya ɗan lotsa a ƙarƙashin tafin ƙafa. A leƙa cikin ramukan kusoshi: idan bakinsu ya yi baƙi, ko aka zura tsinke ya fito da ɓawon katako mai laushi da ruwa mai launin ƙasa-ƙasa, ruwa ya daɗe yana shiga. Ya kamata a sani cewa ruwan daɗi, irin na sama da na kogi, ya fi ruwan gishiri saurin ruɓar da katako, domin naman gwarin da ke cin katako a cikinsa yake walawa. Jiragenmu ba su da kariyar da gishiri ke ɗan bayarwa.

Idan ruɓar ba ta wuce yatsa ɗaya ko biyu daga bakin rami ba, mai jirgi zai iya gyarawa da kansa. A lanƙwasa kan kusa, a ɗaura ta a injin huji, a zura cikin ramin ta ƙwaƙule ruɓaɓɓen katakon da ke tsakanin fatun biyu, a fitar da ɓarɓashin, a bar wurin a buɗe ya bushe. Bushewar tana iya cin mako ko fiye, kuma ba a gaggauta ta, domin efoksi ba ya kama jiƙaƙƙen katako. Idan ruɓar ta bazu har doro yana lotsawa da faɗi, sai an yanke fatar an canza tsakiyar, wannan kuma aikin gwanin faiba ne.

Ko da tsakiyar tana da lafiya, a kare ta daga yau. A faɗaɗa kowane ramin kusa zuwa ninkin faɗinsa, misali ramin milimita 6 ya koma 12, ba tare da an huda fatar ƙasa da babban bakin huji ba, a liƙe ƙasansa da salatif, a fara shafa efoksi tsagwaronsa ya jiƙa katakon, sannan a cika ramin da efoksi da aka kaurara da garin da ake sayarwa dominsa. A haɗa efoksi daidai da awon da mai shi ya rubuta, domin ƙara masa ruwan da ke daskarar da shi ba ya sa shi sauri, lalata shi yake yi. Bayan ya ƙame, a sake huda ramin kusa na asali a tsakiyar wannan cikon. Daga ranar, ko gam ya gaza, ruwa zai ɗiga ciki a gan shi, ba zai shiga cikin doro ya ɓuya ba. Haka za a shafe gefen babban ramin murfin inda katako ya bayyana. A ƙarshe a ɗan fafe bakin kowane ramin kusa da babban bakin huji, zurfin milimita 2 zuwa 3, yadda gam zai taru a nan ya zama zobe a wuyan kusar.

Zaɓen abin liƙi

Idan kusoshin suna ratsa doro har a ɗaura musu noti a ƙasa, abin da na fi amincewa da shi shi ne tef na butil, wata roba mai danƙo da ke zuwa a naɗe. Ba ya ƙamewa, saboda haka bushewar hunturu ba ta dame shi ba, yana bin motsin jirgi, kuma ranar da aka so cire murfin zai fita ba tare da yaƙi ba. Rauninsa shi ne ba gam ba ne, kusoshi ne ke riƙe firam, kuma fetur yana narkar da shi, don haka a nisanta shi da bakin tankin mai. Idan kusoshin masu cin jiki ne da ba su da noti, foliyuritan mai matsakaicin riƙo ya fi, irin su Sikaflex 291 ko 3M 4200. Akwai 3M 5200 da mutane ke yabawa saboda ƙarfinsa, amma wannan ƙarfin ne aibinsa a nan: yana ɗaukar kusan kwana 7 kafin ya ƙame, kuma idan ya kama, cire murfin yakan tafi da fatar doro. Baƙin gam da masu sa gilashin mota ke amfani da shi danginsa ne, shi ma don liƙin dindindin aka yi shi. Firam na roba kuwa a bi abin da masu ƙera shi suka ce, domin wasu gam suna cin roba.

Silikon na banɗaki mai warin tsami, da fotin gilashi, da kwalta, da soson kwalin kaya da wasu ke narkarwa a fetur su shafa, duk ba su da wuri a ƙarƙashin murfin jirgin faiba. Na ƙarshen yana taurara ya tsage da zarar jirgi ya motsa a rana.

Mayar da murfi

A fara ɗora firam a mazauninsa a bushe, a ga ko ya kwanta daidai kuma ramuka sun haɗu. A liƙa salatif a kan doro a zagaye da shi, a kuma liƙa a gefen firam ɗin, domin gam da zai fito ya zuba a kan salatif. Idan butil ne, a shimfiɗa shi a ƙasan firam a zagaye ba tare da an ja shi ya siraita ba, a haɗa bakunansa su hau juna, a kuma naɗa ɗan siriri a wuyan kowace kusa. A ɗaure notuna kaɗan kaɗan, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wanda ke fuskantarsa, a bari kwana ɗaya, a ƙara, a sake bari, har butil ya daina fitowa. Wanda ya fito a yanke shi da wuƙar roba, a ɗauke ragowar da dunƙulen butil ɗin kansa.

Idan foliyuritan ne, a zuba layi mai kauri wanda bai yanke ba, a zagaye kowane rami da shi, a ɗora firam, a ɗaure kusoshi har gam ya leƙo ta ko'ina, sannan a tsaya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a matse har gam ya tsere gaba ɗaya, ƙarfe ya zauna a kan faiba. Ana so a bar kauri na milimita 1 zuwa 2, wanda zai riƙa miƙewa yana komawa idan rana ta buɗa firam, sanyi ya tsuke shi. A share wanda ya fito da yatsa a cikin safar hannu, a cire salatif tun gam yana ɗanye, a rufe wurin da kwali don ƙura. Bayan ya ƙame a ƙara ɗaure notuna kaɗan, wani yana riƙe da kan kusar kada ta juya ta yage zoben da ke wuyanta.

Kusoshi su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, lamba 316 in an samu, 304 ma tana yi a ruwan daɗi, da wosha mai faɗi a ƙasa. Inda irin wannan kusa ta ratsa alminiyam, a shafa mata abin da zai raba su, ko da gam ɗin ne, domin ƙarafan biyu idan suka haɗu da danshi alminiyam ne ke cinyewa ya zama farin gari.

Roba da gilashi

Idan gwajin takarda ya nuna roba ce ta mutu, a zare ta, a tsabtace kwarminta, a tafi da guntunta kasuwa don a sami mai siffa da kauri iri ɗaya. Wadda ta fi kauri tana wahalar da hinji da sakata har su karye. A fara sa sabuwar daga tsakiyar gefen hinji, a bi da ita ba tare da ja ba, domin robar da aka ja za ta koma ta bar giɓi a kusurwa, a yanke ta da ɗan rara, a haɗa bakunan da gam. Ana shafa mata giris na silikon sau biyu a shekara, kafin hunturu da kafin damina. Basilin da baƙin mai suna kumbura wasu robobin su lalata su.

Gilashin murfi yawanci akirilik ne, kuma zafi yana buɗa shi kusan ninki uku na yadda yake buɗa alminiyam, shi ya sa a ranar Afrilu gam mai tauri ke sakinsa. Ana zaunar da shi a kan gam da aka yi domin gilashin roba, kamar Sikaflex 295 UV tare da ruwan share fage da ake fara shafawa kafinsa, ko silikon na gini marar warin tsami irin su Dow 795, a bar giɓi na kimanin milimita 3 a ƙasa da gefe da 'yan guntayen roba. Wannan ne kaɗai wurin da gam na silikon ya dace. Idan gilashin ya cika da ƙananan tsaga har ya yi fari, kwanansa ya ƙare, a yanko sabo mai kauri ɗaya.

Bayan komai ya ƙame, a maimaita gwajin ruwa yadda aka yi da farko, daga ƙasa zuwa sama.

Sauran jikin jirgi

Duk abin da aka ɗaure a doro da kusa, ko maɗaurin igiya ne ko ƙafar rumfa ko kujera, hanyar gyaransa ɗaya ce da ta murfi. A fito da jirgi kan tudu aƙalla sau ɗaya a shekara, a wanke gansakuka da laka, a duba ƙasansa inda yake gogar yashi da duwatsu. Ƙarce marar zurfi ciko da fenti ya ishe shi, amma inda zaren faiba ya bayyana a busar a rufe da wuri, domin zaren yana shan ruwa. Efoksi yana kama tsohon faiba da kyau, rezin na foliyesta kuwa ba ya kama efoksi, saboda haka a san abin da aka taɓa gyara wurin da shi. Toshiyar magudanar baya a duba robarta, a kuma ajiye ta biyu a cikin jirgi.

Kwale-kwalen katako, irin wanda kafintocin Yawuri da bakin tafkin Kainji suka ƙware a kai, lamarinsa daban ne. Allunansa da jiƙa suke kumbura su matse juna, don haka barinsa a tudu cikin hunturu yana buɗe haɗinsa ya tsaga shi. Idan dole a fito da shi, a ɗora shi a kan duwatsu ko bulo don gudun gara, a inuwa, kada a daɗe. Haɗin da ya buɗe a ƙwaƙule tsohon ciko, a dandaƙa zaren auduga a ciki da kurfi daidai gwargwado, a bi da kwalta ko fenti mai kauri. A nan kwalta tana da amfani. Kada a cika haɗin busasshen kwale-kwale da abu mai tauri, domin idan katako ya sha ruwa ya kumbura ba zai sami wurin zuwa ba, sai ya ture kusoshi. Ruwan sama da ya taru a ciki a kwashe shi washegari.

Inji da mai

Ƙananan injinan da ake ratayawa a bayan jirgi, waɗanda ake haɗa wa fetur da mai, yawancinsu awo 50 na fetur ne ga awo 1 na mai, wato mililita 100 a lita 5, amma a tabbatar daga littafin injin, kuma man ya zama wanda aka yi domin injin ruwa. Da zarar an tayar da inji a kalli ɗan ruwan da yake tsartowa ta gefe. Idan babu shi, a kashe nan take, domin ko dai kainuwa da leda sun toshe mashigar ruwa, ko robar famfon sanyaya ta cinye. Ruwanmu na damina jawur yake da laka, lakar kuma tana cin wannan roba, don haka a canza ta duk shekara, kada kuma a taɓa tayar da inji a busasshe ko na ɗan lokaci. Man giya na ƙasa ana canza shi bayan awa 100 na aiki ko shekara guda. Idan ya fito fari-fari, ruwa yana shiga, kuma sau da yawa igiyar fatsa ko zaren raga ne ya naɗe a bayan farfela ya yanka robar da ke tare ruwa. A cire farfela lokaci lokaci a duba, a shafa giris, a kuma riƙe fulogi da fil na farfela na ko-ta-kwana.

Murfin da ya daina yoyo yana kuma hana iska shiga, wannan kuwa yana da haɗari a ramin da tankin mai yake. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan rami, tartsatsi ɗaya daga kan batir ya isa ya tayar da gobara. A buɗe murfin a shaƙa kafin a tayar da inji, a raba batir da tanki, a rufe kawunan batir, a kuma bar wa ramin mai hanyar iska ta dindindin. Sauran ramukan ma a riƙa buɗe su a ranar da babu hadari domin danshi ya fita. Rigunan ceto a ajiye su a bushe, a duba ɗinkinsu da maɗauransu, domin rana da ɓera suna lalata su a ɓoye, kuma adadinsu ya kai adadin mutanen da jirgin ke ɗauka.

Idan za a ajiye jirgin faiba na tsawon lokaci, a ɗora shi a kan tayoyi ko katako, a ɗaga gabansa, a cire toshiyar baya domin ruwa ya riƙa fita, a zubar da man kafireta, a rufe shi da tamfol da aka ɗora a kan sanda yadda ruwa ba zai kwanta a kai ba, a bar gaba da baya a buɗe iska tana ratsawa. Kafin a mayar da shi ruwa a farkon damina, a sake bin kowane murfi da gwajin takarda da na buta, a kuma taɓa notunan da aka zaunar a kan butil, domin zafin bazara yakan sa su ɗan saki.